Wace hanya ce mafi araha ta ƙara wa injin mota ƙarfi?

Tambaya: Ina zaune a Agege, ina da Camry samfurin 2007 mai silinda huɗu, tokumbo ce. Tana yi mini nauyi, musamman in na kunna esi ko zan wuce tirela a hanyar Ibadan. Wani ya ce in saka mata cif, wani ya ce a cire indomi (matatar hayaƙin da ke jikin salansa) a sa babbar salansa, wani kuma ya ce akwai masu yin rimap da kwamfuta. Kuɗina ba su da yawa. Wanne ya fi?

Amsa: Ƙanena, ka kyauta da ka faɗi samfurin motar, domin da shi ne amsar take tafiya. Duk maganar tiyunin, wato ƙara wa inji ƙarfi, tana rataye ne a kan abu guda: injin yana da turbo, wato na'urar da ke tura masa iska, ko ba shi da shi? Naka ba shi da shi. Saboda haka daga cikin abubuwa ukun da aka ba ka shawara, babu wanda zan ce ka fara da shi, kuma akwai wanda zan ce kada ma ka kusance shi.

Inji famfon iska ne kawai. Yana zuƙo iska, kwamfutarsa, wadda kanikawa ke ce wa birenbos, ta auna ta, ta fesa fetur daidai da ita, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur in an auna da nauyi, filogi ya kunna wuta. Ƙarfi yana zuwa ne daga yawan iskar da ta shiga. In ka ƙara fetur ba ka ƙara iska ba, abin da za ka samu shi ne baƙin hayaƙi da filogi mai kunkunniya da aljihu marar nauyi. Injin da ke motarka sunansa 2AZ-FE, lita 2.4, ya bar masana'anta da ƙarfin doki 158. Shi ke jawo iskarsa da kansa, babu abin da ke tura masa ita. Wanda ya taɓa tuƙi daga nan zuwa Jos ya ji wannan a ƙafarsa: garin yana sama da teku da wajen mita 1,200, iskarsa ba ta da kauri, irin wannan injin kan rasa kimanin kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a can ba tare da komai ya lalace ba. Mu a Ikko muna bakin teku, iskar da ta fi kowace kauri muke da ita, sai dai zafinta. Babu wani rubutu da za a yi a cikin birenbos da zai sa silinda ta haɗiyi iskar da ta fi cikinta.

To abin da ya kamata ka tambaya shi ne, cikin dawakai 158 ɗin nan, nawa suka rage? Motar nan ta yi shekaru a hannun wani a Amurka, ta hau jirgin ruwa, ta sauka a Apapa ko Kwatano, ta ratsa hannun kanikawa da 'yan rewaya da ba ka san adadinsu ba. A aikina, yawancin motocin da ake kawo mini da kukan "ba ta da gudu" ba ƙari suke buƙata ba, nasu ne ya zube a hanya. Kuma dokin da ya ɓace ka nemo shi ya fi wanda za ka saya sabo araha nesa ba kusa ba.

Ka fara da sikan, wato a haɗa na'ura ta karanto lambobin matsala daga birenbos. Amma tun kafin nan, murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka duba ko wutar cek injin ta kama. In ba ta kama ba, wani ya cire ƙwanta ko ya toshe ta don motar ta sayu, kuma na ga haka ya fi a ƙirga. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, har ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya tana karanta shi. Kada mai sikan ya goge lambobin ya ce maka an gama. Ka ce ya rubuta maka su, ya kuma nuna maka lissafin gyaran fetur da kwamfutar ke yi yayin da inji ke aiki. In ka ga tana ƙara fetur fiye da kashi goma don cike giɓi, to akwai iskar sata da ke shiga ta wani tsagaggen tiyo, ko famfon mai ya gaji, ko nozul sun toshe, ko sensar auna iska ta yi datti. P0171 yawanci wannan take nufi. P0300 zuwa P0304 kuwa silinda ce ke tsallake wuta, wato filogi ko koyil. A sa ma'aunin matsi a kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa da 'yan'uwanta da fiye da kashi goma, to maganar tiyunin ta ƙare, gyaran inji ya kama ka.

Sai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato tamostat. Kusan duk tokumbon da ta shigo ƙasar nan, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara. Wannan motar ana sayar da irinta a Saudiyya da tamostat ɗinta. Aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai wajen digiri 82 kafin ya sake shi zuwa lagireto. In babu shi, a cikin gosulo inji zai yi ɗumi, amma da ka samu hanya ta buɗe ko aka yi ruwan sama sai ya huce. Kwamfuta ta ga sanyi, ta ɗauka yanzu aka tayar da mota, ta yi ta zuba fetur fiye da kima. Fetur ɗin ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi su ci, giya ma ta yi jinkirin shiga ta sama. Mota ta sha mai, ta yi kasala, mai ita ya tafi neman cif. In motarka tana tafasa, lagireto ko fanka ko famfon ruwa ne ke da laifi, a gyara su a mayar da tamostat.

Baƙin mai ma haka. Duba murfin da ake zuba shi, an rubuta 5W-20 ko 0W-20. Bakanike zai ce maka wannan ruwa ne, ya ɗura 20W-50. Alhali tsarin VVT-i, wanda ke sauya lokacin buɗewar bawul don mota ta ja da kyau, da matsin baƙin mai yake aiki ta wasu 'yan siraran hanyoyi. Mai kauri yana sa shi nawa. In injin ya tsufa yana shan mai, wanda 2AZ-FE na waɗannan shekarun ya yi suna da shi, a hau mataki ɗaya zuwa 5W-30, a riƙa duba sanda duk mako. Filogi kuma iridiyam ne nata, Denso SK20R11 ko makamancinsa na NGK. A kasuwar kayan gyara ta Ladipo akwai na gaske akwai jabu cikin kwali iri ɗaya, kuma in ka ji farashin ya yi daɗi da yawa, to ka san araha ba ta ado.

Yanzu indomi. Wanda ya ce ka cire ta yana da rabin gaskiya. In ta toshe, tana shaƙe mota sosai, kuma injin da ke ƙona baƙin mai shi ne ya fi toshe ta. Alamarta ba ta ɓuya: mota za ta tashi lafiya, ta yi yawon cikin unguwa lafiya, amma in ka taka totur allurar juyi ta kai wajen 3,000 sai ta cije, kuma abin yana ƙaruwa in inji ya yi zafi. Ana gwadawa da ma'aunin matsi a ramin sensar salansa ta gaba, aikin 'yan mintoci ne. In ta toshe, a sauya ta. In lafiyarta ƙalau, cire ta ba zai ba ka abin da za ka ji a tuƙi ba, sai dai wutar cek injin ta kama da P0420 ta zauna daram, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba ka da hanyar sani. Ga warin hayaƙi, kai da ke tsayuwa awa biyu a Oshodi da iyali a baya. Sannan ka tambayi kanka me ya sa wasu kanikawa ke ɗokin cire ta har kyauta. Akwai filatinam da faladiyam da rodiyam a cikinta, kuma akwai masu saye da tsada. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai kuma ƙarfin da yake nan a motarka ba ka amfani da shi. Wannan injin yana kai ƙololuwar jansa ne a juyi 4,000 a minti, ƙololuwar dokinsa kuma a 6,000. Kai kuwa kana bayan tirela a D, allura tana kan dubu biyu da 'yan kai, inda bai fi rabin ƙarfinsa yake bayarwa ba. Ka taka, giya ta yi tunani, ta sauko, kafin nan ka riga ka fito kana kallon motar da ke tahowa. Tun kana bayan tirelar ka ja hannun giya zuwa 4, ko 3 in gudun bai yi yawa ba, allura ta hau, sannan ka fita. Inji zai yi kuka, ba komai, don haka aka ƙera shi. Mutane da yawa da na nuna wa wannan sun fasa kashe kuɗin da suka zo kashewa. Man giya kuma WS ne nata, ba duk jan man da aka samu ba. Giyar da ke zamewa tana cinye ƙarfi kafin ya kai taya. Ka buɗe but ma. Motar tana da nauyin kusan kilo 1,500, buhu ɗaya mai kilo 50 da jarkoki da ka manta da su sun kai kashi uku ko huɗu cikin ɗari na nauyinta, wato kwatankwacin abin da mai rimap zai yi maka alkawari. Manyan rim masu ƙyalli su ma nauyi ne, kuma ramukan Legas ba sa tausayinsu. In taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya, birki ne ke kamawa.

Mu zo kan kayan saye. Cif ɗin nan da ake sokawa a soket ɗin OBD2, mai alkawarin ƙarin ƙarfi kashi talatin da ragin shan mai a lokaci guda, na taɓa fasa wanda wani ya kawo mini. Abin da ke ciki 'yan fitilu ne masu ƙyaftawa, ba ya ma magana da kwamfutar mota. Ɗan'uwansa wanda ake ɗaurawa a wayar sensar zafin iska ƙarya yake yi wa birenbos cewa ana sanyi, ita kuma ta gano ta sensar salansa ta gyara lissafinta. Maganaɗisun tiyon mai da 'yar fankar lantarki da ake cusa wa bututun iska a kira ta turbo duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Tusa ba ta hura wuta. Akwatin da ake haɗawa da totur shi kam yana aiki, amma abin da yake yi shi ne in ka taka kaɗan ya gaya wa inji ka taka da yawa. Mota za ta yi zumuɗi, doki ko ɗaya bai ƙaru ba, kuma a cikin gosulo zumuɗi hanyar sumbatar bayan danfo ce.

Buɗaɗɗiyar filtar iska mai kama da mazurari tana da daɗin ƙara, shi ke nan. In an ɗaura ta a cikin bonet, iskar da ta gasu a jikin inji take zuƙa. Iska mai digiri 60 ta fi mai digiri 30 rashin kauri da kusan kashi tara cikin ɗari, ka ga an tafi neman gira an rasa ido. In kuma aka zura bututun ƙasa kusa da bamba don ya samu iska mai sanyi, kamar yadda ake yi a ƙasashen da hanyoyinsu ba sa zama kogi, to ka tuna watan Yuni da Yuli a Legas. Ruwa ba ya matsuwa. Kofi ɗaya ya shiga silinda inji yana juyi, sandar fistin ta lanƙwashe, inji ya buga nan take. Duk damina sai an jawo mana irin waɗannan daga wajen Lekki da Ajah. Ga kuma ƙurar hunturu in za ka je gida Arewa, wadda filtar takarda ta asali ta fi tarewa. Bar akwatin iskarka yadda yake, sauya takardar a kan kari. Babbar salansa a injin da ba a taɓa komai nasa ba ita ma ƙara ce ribarta, wani lokaci ma ta rage jan da kake buƙata a ƙananan juyi, ta kuma sa jami'an hanya su san da zuwanka tun daga nesa.

Rimap shi ne tiyunin na gaskiya, ba na raina shi. Ana buɗe lissafin birenbos a sauya lokacin tartsatsin filogi da yawan fetur, in akwai turbo a ƙara matsin iskar da yake turawa. A can ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu, domin turbo yana iya cusa ƙarin iska in an umarce shi. Mota irin Golf GTI mai lita 2 da doki 200 tana iya samun ƙarin doki arba'in ko kusa da haka daga rubutu kaɗai. A inji irin naka kuwa abin da za a samu bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin ɗari ba, doki biyar zuwa takwas in an yi sa'a, kuma su ma daga matso da lokacin tartsatsi suke zuwa, wanda ke buƙatar fetur mai okten sosai, wato mai jure matsi ba tare da inji ya yi ƙwanƙwasa ba. A Turai direba yana zaɓar okten 95 ko 98 a famfo. Mu a mafi yawan gidajen mai iri ɗaya ne, abin da aka ba ka shi ka samu, kuma ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai metanol da yawa ya shigo ya lalata motoci a nan Legas da Abuja. In fetur bai kai ba, sensar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji za ta sa kwamfuta ta ja lokacin baya, ka koma inda ka fito, kuɗinka sun tafi. Ga shi birenbos ɗin Toyota na wancan zamani ba ya buɗuwa da sauƙi kamar na motocin Jamus.

Ga mai karatu da motarsa ke da turbo, shi kam rimap matakin farko shi ne mafi arahar doki, amma da sharaɗi. Sai inji da giya da lagireto suna lafiya. Ya tambayi mai aikin da wane fetur aka tsara lissafin. In an sauko da shi ne daga intanet an yi shi don 98 da sanyin Jamus, zafin Ikko da fetur ɗinmu za su narkar da fistin. Ya karɓi kwafin lissafin asali ya ajiye. Ya ga an haɗa batir da na'urar riƙe caji kafin a fara rubutu, domin in wuta ta faɗi a tsakiya birenbos ya mutu. Bayan an gama a fita hanya da kwamfuta a haɗe a duba ko inji yana ƙwanƙwasa. Mai tiyunin da bai yi maka tambaya ko ɗaya a kan lafiyar motarka ba, ɗauki makullinka ka tafi. Kuma a nemi matsakaicin ƙari, ba iyakar abin da inji zai iya ɗauka ba.

Ɗaura turbo a kan injinka fa? Ana yi, amma ba aikin mai neman araha ba ne. Sai intakula mai sanyaya iska da manyan nozul da famfon mai da wata kwamfutar daban, fistin ɗin ba don wannan matsin aka yi su ba, giyar otomatik ɗin ma ba za ta daɗe ba. Da dala yadda take tun 2023, kuɗin zai kusan sayen wata motar.

Wanda ya kawo mu ga hanyar da masu tiyunin ba sa son faɗa. Camry ɗin nan ta 2007 tana da 'yar'uwa mai silinda shida, injin 2GR-FE lita 3.5, doki 268. Jiki ɗaya, kujeru ɗaya, bambancin doki 110, daga masana'anta, da giyar da aka yi don ta ɗauke su. Duk abin da za ka ɗaura wa taka ba zai kai ka rubu'in wannan ba. In bayan gyara har yanzu ranka yana son ƙarfi, ka sayar da taka tana lafiya, ba a fasa salansarta ba, ba a yanke wayoyinta ba, ka cika kuɗi ka ɗauki mai shida a kasuwar motoci ta Berger ko hannun wanda ka yarda da shi. Motar da aka yi wa kwaskwarima ba ta daraja a kasuwa, mai saye yana jin ƙararta zai rage tayi. Sai dai ka yi lissafin mai tukuna. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, silinda shida a cunkoson Agege zuwa Ikeja ba wasa ba ce, kuma iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya kilomita 100 ne ko doki nawa gare ka.

Da ni ne kai, kuɗin da ke hannu zan raba su haka: sikan da gwajin matsi, sai tamostat da ruwan lagireto na gaske, filogi huɗu na asali, filtar iska, wanke sensar iska da maƙogwaron totur, baƙin mai da man giya na daidai. Abin da ya rage ya tafi kan birki da taya. Duba lambobi huɗun da ke gefen tayar, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, tokumbon taya da yawa sun tsufa tun kafin su iso. Iskar taya kuma ka bi takardar da ke jikin ƙofar direba, kada ka bar mai faci ya ɗura 50.

Kafin a taɓa komai, ka samu hanya mai sarari da sassafe, wani ya zauna gefenka da agogon waya, ya auna daƙiƙa nawa motar ke ɗauka daga 60 zuwa 100, sau uku, esi a kashe. Bayan gyara ku maimaita a wuri guda da mai daidai na farko a tanki. Kunne yana ruɗin mutum, musamman in ya kashe kuɗi. In ka samu lambobin sikan ɗin da sakamakon matsin silinda huɗun, turo mini su tare da waɗannan daƙiƙoƙin, zan gaya maka wanda za a fara taɓawa.